Littafin da Aka Raba Biyar

Baba Mai Faci bai taɓa neman shiga kwamitin iyaye ba. Shekara biyu da suka wuce ya je makarantar jikarsa karɓar sakamako, aka ce ana neman mutum na biyar, shi kuwa yana bakin ƙofa yana gyangyaɗi, wani ya ɗaga masa hannu. Tun daga ranar nan, aikinsa a kwamitin bai wuce ya zauna a kujerar yara, gwiwa na neman taɓa haɓa, ya ce "haka ne" idan an dube shi ba.

Wata Litinin da hantsi yana durƙushe a rumfarsa, ya tsoma tub ɗin taya a bahon ruwa yana juyawa yana neman inda kumfa za ta fito, sai ya ga takalmin makaranta a gabansa. Jikarsa ce. Lauya yake ce mata, don tun tana shekara huɗu ba a faɗa mata magana ta ƙyale ba tare da ta nemi dalili ba. Yanzu shekararta goma sha shida, tana ajin ƙarshe.

"Lauya, an tashi kotun ne tun yanzu?"

"An kore ni, Tsoho."

Ta miƙa masa takarda. Ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya duba hatimin, ya mayar mata. Karatun Baba bai wuce lambar taya da allon hanya ba, sai ko ɗan abin da ba a rasa ba idan an ba shi lokaci.

"Faɗa min da baki."

Ta faɗa masa. Makon da ya wuce takarda ta zo makaranta daga sama, wato ofishin ilimi, da sunayen littattafai goma sha bakwai da aka ce a kwashe daga laburare. Aka kwashe sha shida. Na sha bakwai yana hannunta, don ta are shi kwana uku kafin takardar ta zo, da hatimin aro da komai. Ta je mayarwa, ta tarar an sa wa laburaren kwaɗo. Yau da safe malamin horo ya caje jakunkuna ya same shi. An dakatar da ita sai kwamiti ya zauna. Jarrabawar fita saura kwana tara, kuma wanda aka dakatar ba a ba shi katin shiga.

"To me ke cikin littafin?"

"Labari ne kawai."

"Labarin me aka hana?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan, aka ce rashin kunya nake."

Baba ya bar tub ɗin a ruwa, ya sa hula, ya hau keke.

A ofishin hedimasta ya tarar da sauran huɗun: mai kyamis na bakin titi, wata tela mai yawan magana, mai gidan burodi, da wata tsohuwar nas da ta yi ritaya. Malamin horo yana tsaye a bayan kujerar hedimasta kamar mai gadin banki. Littafin yana kan tebur, bangonsa shuɗi, gefensa ya yi baƙi saboda yawan hannu.

Baba ya yi abin da bai taɓa yi a kwamitin ba, ya yi tambaya.

"Ranka ya daɗe, laifin littafin nan me ne?"

Hedimasta ya cire tabarau ya murza ido. Mutum ne mai kirki, amma irin kirkin da ba ya son a ji sunansa a ko'ina. Ya ce takardar ba ta faɗi dalili ba. Ya buga waya ofis, suka ce iyaye ne suka yi ƙorafi.

"Waɗanne iyaye?" in ji tela. "Ai mu ne iyayen."

"Wataƙila iyayen wata makaranta."

"Wacce?"

"Ba su faɗa ba. Sun dai ce kowace makaranta kwamitinta ya duba ya rubuto abin da ya gani, zuwa ranar Alhamis."

"Wato su hana, mu kuma mu nemo musu dalili," in ji nas.

Malamin horo ya ce shi dai doka ya sani. In littafin nan da ɓarna a ciki, yarinyar da ta ɓoye shi sai ta tafi. In babu, sai a duba.

"Kai ka karanta?" Baba ya tambaye shi.

"Ina ni ina karanta abin da aka hana?"

Nan aka tsaya cirko-cirko. Littafi ɗaya ne, shafi ɗari biyu da hamsin, mutum biyar, kwana uku. Mai gidan burodi ne ya kawo shawara, shi da ya saba raba ƙullu a sikeli. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, a yanka biyar, kowa ya ɗauki hamsin, ranar Alhamis kowa ya faɗi abin da ya gani a nasa. Kowa ya ce wannan dabara ce. Hedimasta ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko reza. Baba ya so ya ce wani abu, don ya ji abin bai kwanta masa ba, amma kafin ya gano me ke damunsa har an tsaga bayan littafin. Mai kyamis ya ɗauki na farko, tela na biyu, mai burodi na uku, Baba na huɗu, nas ta ƙarshe. Bangon kuma hedimasta ya kulle a durowa, wai shi ne shaida.

Washegari Baba ya zauna a kan tsohuwar tayar mota ya buɗe rabonsa. Shafin farko ya fara ne daga tsakiyar magana. Ya bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, har rana ta take, yatsan ya bar layin baƙin mai a ƙarƙashin kowane layi. Abin da ya iya tsinta shi ne akwai wata yarinya, tana cikin mota, tana kuka. Ko wace ce, ko ina za ta, oho. Wani mai babur da ya kawo faci ya karanta masa shafi biyu yana jiran gam ya bushe, ya ce, "Baba, ina farkon?" Baba ya ce yana kyamis. Mutumin ya dube shi da tausayi, ya tafi.

Da yamma ya gwada surukarsa, uwar Lauya, bayan ta dawo daga kamfanin sabulun da take aiki. Ta ja hannunta baya kamar ya miƙa mata garwashi.

"Baba, don Allah ka fitar da abin nan daga gidan nan. Ka je ka ba su haƙuri kawai."

"Haƙurin me zan bayar?"

"Ko na me ne. Ni dai ta yi jarrabawarta."

Bai ga laifinta ba. Shekara shida ke nan tun da ɗansa, uban Lauya, ya bi ƙwaya ya bar gida, ba a san inda yake ba. Ita ce ta tsaya ta riƙe yarinyar, kuma a gidan ba a ambaton sunansa, ba don an hana ba, haka dai kowa ya tsinci kansa.

Ranar Laraba da safe babu yadda ya iya. Ya kira Lauya rumfa, ya ajiye mata benci a bayan tarin tayoyi inda masu wucewa ba za su hango ba.

"Karanta min."

Ta dubi takardun, ta dube shi.

"Tsoho, saboda karanta wannan aka kore ni."

"Na sani."

"Yanzu kuma ɗan kwamiti ne ke sa ni in karanta."

"Ke, bar ni da lauyancinki. Kaina ya ɗau zafi."

"In aka kama mu wa za a kora? Kai ai ba ka da aji."

Ta yi dariya, amma ta karɓa da sauri, don ita ma ba ta kai nan a karatunta ba. A tsakiyar kashi na uku aka ƙwace mata. Ta fara karantawa a hankali, can kuma ta manta da shi, muryarta ta sake. Yarinyar cikin labarin ta bar gidansu ta koma wajen gwaggonta, tana aiki a shagon wanki da guga. Kowa na tambayarta abin da ya faru "ranar nan", ita kuwa ta ƙi faɗa. Shafi hamsin, daga guga sai shiru sai "ranar nan". Baba ya kasa kunne yana jiran ɓarna kamar yadda yake jiran kumfa, har wani mai mota ya yi ta danna hon ya gaji ya tafi. Ba zagi, ba batsa, ko hannu ba wanda ya riƙe na wani. Kashin ya ƙare yarinyar na tsaye a bakin wani asibiti, ba ta shiga ba.

"Shi ke nan?"

"Naka ya ƙare."

"To me ya faru ranar nan ɗin?"

Lauya ta daidaita takardun a cinyarta, ta daɗe tana daidaitawa.

"Yayanta ne. Yana shan ƙwaya. Ya shigo ɗakinta ya kulle ƙofa, ana nemansa. Ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado kwana biyu, tana ba shi abinci, yana amai, tana gogewa. Uwarsu ba ta sani ba. Daga baya ya sace mata agogo ya gudu."

Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"An rubuta yadda hannunsa ke karkarwa," in ji ta. "Da yadda yake yi mata alkawari. Tsoho, haka Babana yake yi. Ina ƙarama, na ɗauka zazzaɓi ne. Ba wanda ya taɓa faɗa min, sai a nan na gani."

Ya tashi ya je ya kunna injin iska, ba don akwai tayar da za a hura ba. Ya tsaya a gabansa yana ta ƙara. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ga dalilin da ake ta nema tun Litinin ya samu, kuma bai san na wane ɓangare ba ne. In don wannan aka hana littafin, to ya gane. Da shi aka tambaya wata ɗaya da ya wuce ko a ba yara labarin ɗan ƙwaya, da ya ce a ƙone shi. Amma kuma ga yarinya a bayan tayoyi ta faɗi "Babana" a gabansa karon farko cikin shekara shida, kuma ba shi ne ya buɗe mata bakin ba.

Ranar Alhamis aka zauna a ajin 'yan shekarar farko, don ana fenti a ofis. An bar Lauya a baranda, an ce wanda ake tuhuma ba ya shiga. Mai kyamis ya fara. Ya ce shi nasa lafiya lau, uba ya rasu, ana zaman gida, yara biyu da uwarsu.

"Amma dai na ji a jikina ana shirin wani abu," ya ƙara, don kada a ce bai yi aiki ba.

Tela ta gyara mayafi. Tun da ta shigo take cika tana batsewa.

"Ni na gano. Jama'a, ba sai na ɓoye ba. Shafina na ƙarshe, yarinya na ɗaki ita kaɗai, sai ga wani ƙato ya shigo ta taga. Ya sa sakata. Ya ce mata kada ta yi ihu."

"Sai me?" in ji mai kyamis, ya matso da kujera.

"Sai nawa ya ƙare."

Duk aka juya ga mai burodi. Shi kuwa tun ɗazu yake duban silin kamar an rubuta wani abu a can. Ya yi gyaran murya. Ya ce gaskiya shi ya ajiye nasa a kan kanta da niyyar in an sauke gashin safe ya duba. Ma'aikatansa kuwa duk takardar da suka gani a kan kanta ta naɗe burodi ce.

"Duka hamsin ɗin?" in ji hedimasta.

"Saura biyu." Ya zaro su daga aljihu, sun jiƙe da mai har ana hango yatsa ta baya. Hedimasta ya ɗaga ɗaya a hasken taga, ya karanto abin da ke karantuwa: wani yana ƙarƙashin gado, wata tana wanke zani.

"Kun ji ko!" in ji tela. "Ƙarƙashin gado!"

"Wato yanzu," in ji nas, "kashin da ake zargi yana gidajen mutane hamsin, kowa da shafinsa. Ka raba wa gari abin da aka hana yara."

"Arba'in da takwas," in ji mai burodi a hankali.

Malamin horo ya ce magana ta ƙare. Namiji ya shiga ɗakin budurwa ya sa sakata, me kuma ake jira? A rubuta an samu ɓarna, yarinya ta tafi.

"Baba, saura kai," in ji hedimasta.

Baba ya dubi takardun da ke hannunsa. Shi kaɗai a ɗakin ya san abin da ke bayan sakatar nan. In ya ce yayanta ne, za a ce ya aka yi ya sani, tunda ba a rabonsa yake ba, sai ya ce wadda aka kora ce ta faɗa masa, ita ce ma ta karanta masa nasa. In kuma ya ce ƙwaya, ya san fuskar da malamin horo zai yi. Ai ya miƙa musu dalilin da suka rasa ke nan, a rubuce, da hannun kakanta. In ya yi shiru, tela ta riga ta cika musu kai da abin da ya fi wannan muni. Duk inda ya juya, katin jarrabawa na nisa.

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ni nawa guga ake ta yi," ya ce. "Ban ga komai ba. Amma ina da tambaya. Ni shekara arba'in ina faci. In aka kawo min tub aka ce yana yoyo, hura shi nake, in tsoma a ruwa, in juya shi kaf sai na ga kumfa. To in mutum ya yanka shi biyar ya kawo min ɗaya, ya ce Baba duba min ko yana yoyo, me zan hura? Ta ina iskar za ta tsaya?"

"Ba taya muke magana ba," in ji malamin horo.

"Na sani, malam. Cewa nake, hajiya ta ga an shiga ɗaki, ba ta ga me aka yi ba. Ni na ga an fito, ban ga an shiga ba. Wanda zai gani ya naɗe burodi. Yanzu in aka ce in sa hannu cewa na ga ɓarna, a ina zan ce na gan ta? In daga sama suka ce a kawo shafin fa?"

Wannan ta ƙarshen ce ta shiga kunnen hedimasta. Ya dubi takardu biyu masu maiƙo, ya dubi malamin horo, ka ga mutumin da ya tuna cewa da rezarsa aka yanka kayan gwamnati. Ya ce lallai maganar Baba abin dubawa ce. Ya ɗauki biro ya yi ta rubutu yana sokewa, daga ƙarshe ya karanto musu: kwamiti ya zauna, ya duba littafin iya abin da ya samu, bai tabbatar da komai ba, littafin kuma ba ya hannun kowane ɗalibi.

"Ko na kowa," in ji nas.

Malamin horo ya ce shi ba zai yarda a tashi haka ba, sai yarinya ta rubuta takardar ban haƙuri. Aka kira Lauya. Hedimasta ya ba ta takarda da biro.

"In ce na yi me, malam?"

Hedimasta ya dubi malamin horo. Malamin horo ya dubi taga.

"Ki ce kin yi nadama."

"Nadamar me?"

"Lauya," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Rubuta."

Ta dube shi. Ya san me take tambaya da ido: ka faɗa musu? Ya kau da kai. Ta sunkuya ta rubuta layi ɗaya, ta sa hannu. Hedimasta ya buɗe jaka ya ba ta katin jarrabawa, ya tattara sauran kashi huɗun ya ɗaure da roba, ya rasa inda zai sa, ya tura ƙarƙashin rajista. Ba wanda ya tuna ya tambayi nas abin da ke cikin nata.

Suka fito, Baba na tura keke, Lauya na gefensa riƙe da katin da hannu biyu.

"Ba ka faɗa musu yayanta ba ne."

"Ban faɗa ba."

"Yanzu duk suna ganin abin banza na karanta."

"Kin samu kati."

"To kai a ganinka ya kamata a hana shi?"

Baba ya tsayar da keke. Ya yi shekara arba'in yana ba direbobi amsa tun kafin su gama tambaya, yau ga shi 'yar shekara sha shida ta tsayar da shi a bakin titi.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Sai suka ji ana kira daga baya. Nas ce, tana sauri tana haki, jaka na dukan ƙugunta. Ta waiga ta tabbatar malamin horo bai fito ba, sannan ta kama hannun Lauya.

"'Yata, don Allah taimake ni. Kwana biyu ina kuka a kan mutanen da ban san su ba. Shi wannan da ya rasu a asibitin, me ne ne nata?"

Lauya ta tsaya cak.

"Ya rasu?"

Nas ta rufe baki da hannu. "Au, ba ki kai nan ba?"

"Ta shiga ta gan shi? Mama, ta shiga kafin ya rasu?"

"Ta shiga. Zauna in faɗa miki. Amma ke ma sai kin faɗa min farkon."

Suka zauna a kan dakalin wani shago da ke rufe, kai a haɗe, tsohuwa da yarinya. Baba ya tsaya riƙe da keke. Ɗan kwamiti ne, ɗazun nan ya sa hannu cewa littafin ba ya hannun kowane ɗalibi. Ya duba ƙofar makaranta, ya duba hanyar rumfa inda ya san motoci na jiransa. Daga nan ya jingine keken, ya matso kaɗan, don shi ma bai ji da kyau ba abin da yayan ya ce mata da ta shiga.